Maganin Kwana Bakwai

Kwalbar jinin ta zo da lamba ɗari huɗu da sha biyu, babu suna, kamar yadda kowace kwalba ke zuwa ɗakin gwajin asibitin. Amma Yaya ba ta bukatar suna. Ita da hannunta ta ɗaure damtsen da roba, ita ta lalubo jijiyar, ita ta ce wa mai hannun, "Kau da kai, Auta, kin yi gemu a aure amma har yau allura na ba ki tsoro." Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya tun ita kanta ba ta wuce shekara tara ba.

Shekara goma sha tara Yaya ta yi a wannan ɗakin. Ta san halin injin juya jini, wanda in an kunna shi yake tattaki a kan tebur sai an tokare shi da kwali. Ta san firjin da aka manna wa takarda cewa ba a ajiye abinci, alhali kowa ruwansa na ciki. Sabbin ma'aikata kuwa tsoronta suke kamar me, domin ranar farko takan tsayar da mutum gaban dokar da ke liƙe a bango ta sa shi ya karanta da ƙarfi: ba a gwaji sai da takardar likita, sakamako kuma ba ya fita sai ta hannun likita. In ya gama ta ce, "Mu ido ne kawai. Baki na likita ne."

Abin da likitar mata ta nema a jinin Auta shi ne ko jikinta ya taɓa yaƙi da wata ƙwayar cuta da ake kira kilamidiya. Ƙwayar kan zo ta tafi, amma garkuwar jiki ba ta da mantuwa, tana barin shaida a cikin jini shekara da shekaru. Yaya ta ɗiga abin da za ta ɗiga, ta rufe farantin gwajin mai 'yan ramuka, ta zauna tana kallon agogon bango. Da lokaci ya cika ta buɗe. Ɗan ramin lamba ɗari huɗu da sha biyu ya rine ya yi rawaya, ya fi duk na kusa da shi. Ta sake gwajin daga farko, ita da ke yi wa yara faɗa a kan ɓarnar kayan aiki. Abin da ya fito da farko shi ya sake fitowa. Ta sa hannu a takardar, ta jefa a kwandon likita, ta shiga bayi ta kulle ƙofa, ta jingina da bango.

Ba mamaki ne ya kama ta ba. Ai da mamaki ne da da sauƙi. Shekara bakwai ke nan ta san wannan amsar.

Ga yadda aka yi. Yaya ce ta samo wa Auta miji. Agogon bangon ɗakin gwajin ne ya tsaya, aka kira wani mai gyara da ke da ɗan shago a bakin titin asibiti, mutum mai sanyin murya, wanda in ya gama aiki sai ya share ƙurar da ya tayar. Kowa Mai Agogo yake ce masa. Ya taɓa aure sun rabu, kuma ba a taɓa jin ya faɗi aibin matar ba ko sau ɗaya, abin da ya burge Yaya ke nan. Da maganar ta je gaban mahaifinsu, tsohon ya noƙe, ya ce me zai sa ya ba bazawari autarsa. Yaya ta dafa ƙirji ta ce, "Baba, ni na tsaya masa. In aka ga wani abu, ni za a kama." Ita kuwa a gidansu in ta faɗi magana ta zauna, domin ita ce mai aikin asibiti, ita ake kira ko ciwon kai wani ya yi.

Wata uku da auren, Auta ta zo ɗakin gwaji lokacin da kowa ya fita cin abinci. Tana ta murza bakin mayafi, da ƙyar ta faɗi cewa mararta na ɗan ciwo, kuma tana ganin wani ruwa da ba ta saba gani ba. Ta ce ita kunya ba za ta bar ta ta buɗe kati ta kwanta gaban likita ba. Yaya ta ce, "Ke da yayarki a nan, wane kati?" Ta ja labule, ta ɗauki abin da za ta ɗauka da tsinken auduga, ta yi gwajin ba takarda ba lamba. Kilamidiya ce.

To, Yaya ta san hanya ɗaya ce wannan cutar ke bi, ta kwanciyar mace da namiji, ta kuma san Auta ba ta taɓa sanin wani namiji ba. Nan take ta hango komai. Ta ga likita ta ce a kirawo mijin. Ta ga Auta da akwati a ƙofar gidansu. Ta ga Baba ya ɗago kai ya dube ta, ba sai ya ce komai ba. Sai ta ninke takardar da ta rubuta sakamakon gida huɗu, ta cusa a tsakiyar wani tsohon littafin aiki da ba mai buɗewa. Ta tsallaka kemis ta sayo kafso na kwana bakwai, ta ɓare su daga kwalinsu ta zuba a farar ambulan don kada a karanta sunan, ta miƙa wa Auta ta ce, "Sanyi ne na bayi, kowace mace na yi. Ɗaya safe ɗaya yamma." Ita da ta sha yi wa mata tsawa a layi cewa su daina ɗora wa bayi laifin da ba nasa ba.

Wallahi da jahila ce ta yi haka, sai a ce rashin sani ya fi dare duhu, a yi mata uzuri. Amma Yaya ta sani sarai cewa in an yi wa mata magani an bar miji, an yi aikin banza, domin shi zai sake mayar mata. Ba ta manta ba. Har ta sayi wasu kafso na kwana bakwai ta sa a jaka, ta tafi shagonsa da niyyar ta ja shi gefe. Ta same shi da ɗan gilashinsa maƙale a ido, ya sunkuya a kan wani agogon hannu. Yana ganinta ya miƙe zumbur, ya kakkaɓe mata kujerarsa da hularsa, ya aika aka sayo lemo mai sanyi, Yaya kaza, Yaya kaza, ya yara, ya maigidan. Ta kwance agogon hannunta da ba abin da ya same shi, ta ce ya duba mata yana lattin minti biyu. Ta koma gida da maganin a jaka, tana ce wa kanta sai wani makon.

Wani makon bai zo ba. Bayan wata takwas Auta ta dawo da irin wancan ciwon, Yaya ta sake ba ta farar ambulan. A shekara ta biyu ta dawo da zazzaɓi, tana tafiya a duƙe, ta sake karɓar ambulan ta uku. Daga nan ciwon ya yi shiru. Yaya ta yi hamdala, ta ɗauka Allah ya rufa asiri. Baba ya rasu yana sa wa surukinsa albarka. Shekaru suka yi ta wucewa, Yaya ta ƙara haihuwa biyu a kan ukun da take da su, Auta kuwa ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Ranar da za a ji sakamakon gwajin jinin nan Auta ta rufe shagonta na kitso da gyaran gashi, ta biyo ta ɗakin gwaji ta ce, "Yaya, zo ki raka ni. Ke kika san yarensu, in likita ta yi Turanci ki fassara mini."

Likitar gajeriya ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan dariya amma ba ta da gaggawa. Ta maƙala hoton mahaifar da aka ɗauka makon jiya a jikin fitila. Ta nuna da bayan biro inda ruwan da aka ɗura ya cika mahaifa, ya kama hanya dama da hagu, ya je ya tsaya cik.

"Nan ya kamata ya zube ya fita," in ji ta. "Bututu biyu ne, ta cikinsu ƙwai ke bi ya sauko. Naki duka biyun sun toshe."

Auta ta ce, "Me ya toshe su, likita?"

"Jikinki ne, garin kare ki." Ta ajiye biron. "Akwai wata cuta, kilamidiya. Mata da yawa ba sa ma sanin suna da ita, maza kuwa sun fi. Gwajin da muka yi miki yanzu bai nuna tana nan ba, amma jininki ya nuna ta daɗe a jikinki, kuma da alama ba zuwa ɗaya ta yi ba. In ta shiga karon farko, garkuwar jiki takan taso ta yaƙe ta, wurin ya kumbura, ya lafa. In ta dawo, jikin ya riga ya gane ta, sai ya taso da fushin da ya fi na farko. Kin taɓa ganin ɗakin da gobara ta kama aka kashe? Wani lokaci ruwan da aka kwarara ya fi wutar ɓarna. Cikin bututun nan akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ke tura ƙwai. Kowane kumburi yana kashe wasu, yana barin tabo, tabon ya haɗe ya rufe hanya."

"A wanke mana," in ji Auta. "Ai na ji ana wankin mahaifa."

"Tabo ba datti ba ne, 'yata. Ba ya wankuwa."

Yaya na zaune da farar rigarta ta aiki, hannu biyu a cinya, ko motsi ba ta yi. Likitar ta tambayi Auta ko an taɓa yi mata maganin wani ciwo na mara. Auta ta saci kallon yayarta. Ta san ba a ba da magani ba takardar likita, ta san aikin Yaya zai iya taɓuwa, sai ta ce, "Na ɗan sha na kemis, da daɗewa." Kun ji fa. A wannan halin ma yayarta take karewa.

Likitar ta girgiza kai. "Abin da ke kashe mu ke nan. Maganinta kwana bakwai ne kacal. Amma sai a sha rabi a bari, ko a yi wa matar a bar mijin, duk kamar ba a yi ba ne."

Magana ɗaya ta faɗa, amma kowacce da rabin da ta ɗauka. Yaya ta ga Auta ta sunkuyar da kai ƙasa, ba ta gane dalili ba a lokacin, domin ita ma nata rabin take ji da shi. Likitar ta ce akwai sauran hanya ɗaya, a babban asibiti, inda ake haɗa ƙwai a waje a mayar cikin mahaifa, wani ya dace wani bai dace ba. Kafin a kai can tana son ganin mijin, a duba shi, kuma su biyun su sha magani tare don a rufe ƙofa.

Yaya ta kwana biyu tana jiran ta ji gidan Auta ya kama da wuta. Abin da ta guda shekara bakwai ke nan, ga shi ya zo da ƙafarsa. Ranar Litinin da hantsi sai ga Mai Agogo a tagar ɗakin gwaji, da takardar likita a hannu da 'yar robar fitsari a naɗe cikin leda. Idanunsa sun yi ja. Ya gaishe ta har ƙasa kamar kullum.

"Yaya, na tambayi likita ko daga ni ne. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Na ce mata ni zan iya. Na taɓa aure, ita kuwa ni ne na farkonta, lissafin ai ba wuya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Wallahi ban taɓa jin ko ƙaiƙayi ba. Na ce wa ƙanwarki in ta ga ba za ta iya zama da ni ba, ba zan ga laifinta ba. Kin san me ta ce? Wai in tashi in kawo mata ruwa ta sha magani, in daina yi mata surutu."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ajiye ledar a tire.

"Ashe kwana bakwai ne kawai, Yaya. Ni da nake zama wata guda a kan agogo ɗaya. Da wani ya gaya mini tun farko, ai ko kwana saba'in ne zan sha."

Yaya ta ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Abin da ya fito daga bakinta ke nan, ta ji kunyar kanta har cikin ƙashi. Gidan da ta ce tana tsarewa ashe ko girgiza ba zai yi ba. Garin neman gira ta rasa ido, kuma idon ma ba nata ba. Da ya tafi ta jawo tsohon littafin daga ƙasan kabad. Takardar na nan a ninke gida huɗu, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa, da kwanan wata da rubutun hannunta. Ta sa ta a jaka, ba tare da ta san me za ta yi da ita ba.

Duk ranar Asabar ta biyu Auta ke yi wa Yaya kitso, tun kafin ta buɗe shago, kuma ba a shago take yi mata ba, a falonta. Falon cike yake da agogunan da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, na bango da na tebur, kowanne da lokacin da yake faɗa. Yaya ta zo bayan azahar. Ta zauna a kan filo a ƙasa, Auta a kujera, kan yayar a tsakanin gwiwoyinta. Auta ta tsefe tsohon, ta taje, ta shafa mai, ta ɗauki kibiya ta fara tsaga.

"Kin fara furfura ta nan baya," in ji ta. "In gaya wa maigidanki ya fara shiri."

"Shi da ba ko ɗaya a kansa, da wane baki?"

Suka ɗan yi dariya. Auta ta kama na farko ta kitse, ta kama na biyu. Hannunta na da sauri da taushi, ba ta ja, shi ya sa mata ke layi a shagonta da 'ya'yansu. A na huɗu ne hannun ya rage sauri.

"Yaya, akwai abin da nake so in gaya miki, amma kada ki yi mini faɗa."

"Ina ji."

"Maganin nan da kika ba ni na farko, a farar ambulan. Ban gama sha ba. Yana tayar mini da zuciya, na sha kwana biyar na ji sauƙi, na zubar da sauran a kwandon shara." Ta ajiye kibiya. "Tun ranar da likita ta faɗi maganar nan ban yi barcin kirki ba. Kafso huɗu, Yaya. Kafso huɗu na zubar, na zubar da 'ya'yana. Shi yana ta cewa laifinsa ne, ni kuwa na kasa gaya masa. Ke kin yi naki, kin ba ni, ni ce ban ji magana ba."

Wani ɗigo mai ɗumi ya sauka a tsagar kan Yaya.

To, ga ƙofa ta buɗe mata, faffaɗa. Ba sai ta yi ƙarya ba ma. Ta ce haba Auta, ƙaddara ce, bar kuka, shi ke nan maganar ta mutu, takardar ta koma littafi, ita ta ci gaba da zama Yaya mai aikin asibiti wadda ake kira ko ciwon kai aka yi. Kuma kada a yi mata ƙarya, ta leƙa ƙofar nan. Ta daɗe tana leƙenta, har agogon tebur ɗaya ya buga ƙarfe tara da rana tsaka. Abin da ya hana ta shiga, ta san Auta. Yarinyar da ta fasa kofi tana shekara shida ta ƙi cin abinci kwana biyu, ita ce za ta ɗauki kafso huɗu a ka har kabarinta.

"Miƙo mini jakata," in ji Yaya.

Ba ta iya juyowa ba, domin gashinta na hannun Auta, kuma ta gode wa Allah da hakan. Ta zaro takardar ta miƙa ta saman kafaɗa.

"Duba kwanan watan. Ranar da kika fara zuwa wurina ke nan. Ba sanyin bayi ba ne, Auta, ban taɓa zaton shi ne ba. Na gwada, na ga sunan cutar, na san daga inda ta zo, na san dole a yi masa magani shi ma. Ko kin shanye kafson nan har da ambulan ɗin, da ya sake mayar miki. Kuma ya mayar, sau biyu kina dawowa ina ba ki, ina sane. Na je shagonsa da maganin a jaka na kasa buɗe baki. Ba kafsonki huɗu ba ne. Ni ce."

Ta ji takardar na buɗewa, gida ɗaya, gida biyu. Auta ba ta iya karanta rubutun asibiti, amma ta san lambobi, ta kuma san hannun yayarta.

"Me ya sa?"

"Na ji tsoro aurenki ya mutu."

"Aurena." Auta ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Kin tambaye ni? Wata uku da aure, ina son mutumin nan kamar in haɗiye shi. Da kin gaya mini, da na yi kuka, na yi masa rashin kunya kwana biyu, na ɗura masa maganin da hannuna. Ba aurena kika ji wa tsoro ba, Yaya. Kin ce wa Baba kin tsaya masa."

Auta ta ci gaba.

"Shekara bakwai ina zuwa gidanki ina wanke wa 'ya'yanki kai. Duk wata in na ga jini ke nake fara kira. Ki ce in yi haƙuri, lokaci ne. Kin raka ni wurin mai magani har sau nawa, kina riƙe mini jaka." Ta sake cewa, "Kina riƙe mini jaka, Yaya."

Daidai nan agoguna uku suka ɗauki ƙara a tare, na kan talabijin da na taga da wani a ɗakin kwana. Ƙarfe huɗu. Su kaɗai ne a gidan ke faɗin gaskiya, domin Mai Agogo ya saita su saboda magani. Sai ga shi ya turo ƙofa, ya baro shago kamar yadda yake yi kullum tun ranar Litinin, da kofin ruwa a hannu ɗaya da kafso biyu a ɗayan.

"Sannunku da aiki. Yaya, an sha kitso." Ya miƙa wa matarsa ɗaya, ya jefa ɗaya a bakinsa, suka raba ruwan. "Saura na gobe da na jibi da safe, mun sauke." Ya lura da idon Auta, ya dubi Yaya, ya ce, "A yi ta ba ta haƙuri, Yaya, ke take jin maganarki." Ya ja ƙofa ya koma shago.

Auta ta riga ta tura takardar ƙarƙashin cinyarta tun da ta ji taɓa ƙofa. Ba ta ce masa komai ba. Yaya ta so a ce ta faɗa, ta so a yi ihu, a kore ta da rabin kai a tsefe ta bi titi haka kowa ya gani. Ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna," in ji Auta. "Ban taɓa sallamar mutum da rabin kai ba."

Ta ɗauki kibiya ta ci gaba. Yaya ta riƙe numfashi tana jiran a ja gashin, a huce a kansa, da ta ji daɗi. Ba a ja ba. Hannun nan dai ne mai taushi, tsaga a miƙe, kowane kitso daidai da ɗan'uwansa, har guda goma sha huɗu. Da ta gama ta shafa mai a goshi da ƙeya kamar kullum, ta miƙo madubi kamar kullum. Yaya ta duba. Ba ta taɓa yi mata wanda ya kai wannan kyau ba.

A bakin ƙofa Yaya ta ce, "Auta, ki yafe mini."

"Ban sani ba tukuna, Yaya. In na ce na yafe yanzu ƙarya na yi, ƙaryar kuma ta isa haka." Ta gyara mata bakin ɗankwali da ya karkace, don hannunta ya saba. "Ranar Laraba za mu je babban asibitin, ni da shi. Ba sai kin raka mu ba. Kada ki zo wata Asabar ɗin, ni zan kira ki."

Ranar Litinin aka kawo sabuwar ma'aikaciya ɗakin gwaji, aka turo ta wurin Yaya kamar yadda aka saba. Yaya ta tsayar da ita gaban takardar bango, yarinyar ta karanta da ƙarfi, ta tsaya tana jiran sauran, domin an riga an gaya mata abin da ake cewa bayan nan. Yaya ta ce mata ta je ta wanke kwalabe.

Kitson Auta mako biyu yake yi a sake shi. Wannan ya yi uku, ya yi biyar, sabon gashi ya taso daga ƙasa, tsagar ta ɓace, kan ya fara ƙaiƙayi. Babbar 'yar Yaya ta zo da matsefi ranar wata Asabar ta ce, "Umma, kan nan naki ya tsufa, kawo in tsefe miki, ko in kai ki wurin mai kitson bayan layi."

"Bar shi," in ji Yaya. "Mai shi za ta kira."

Ta ɗaura ɗankwali a kai, ta jawo wayar kusa da ita, ta duba ko tana da caji.